Tsarukan bidiyo da sauti masu haƙƙin ƙirƙira a manhajojin Linux

Tsarukan bidiyo da sauti masu haƙƙin ƙirƙira su ne hanyoyin matse hoto mai motsi ko murya a cikin fayil waɗanda wani kamfani ko wata cibiyar bincike ta yi wa rajista a matsayin ƙirƙirarta, ta yadda duk wanda zai rarraba manhaja ko na'ura mai amfani da su sai ya nemi lasisi. Fitattu daga cikinsu su ne MP3 da AAC a ɓangaren sauti, sai MPEG-2 da H.264 da HEVC a ɓangaren bidiyo. Fiye da shekara ashirin ke nan waɗannan tsaruka suna zama matsala ga manyan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe irin su Fedora da Debian da Ubuntu da openSUSE, domin ana raba su kyauta, kuma kowa yana da damar kwafarsu ya ba wani. Batun ya sake tasowa a shekarar 2022 lokacin da Fedora ta cire wani ɓangare na tallafin H.264 da HEVC, sannan ya faɗaɗa a shekarun baya-bayan nan har ya shafi kamfanonin da ke sayar da kwamfuta.

Kodek da mazubi

Bidiyon da ba a matse ba yana da girma ƙwarai. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsawon ɗigo 1080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan biyu, wato kimanin megabait 6. Idan ana nuna hotuna 30 a daƙiƙa, minti ɗaya zai haura gigabait 11. Haka ma sauti: minti ɗaya na faifan CD kimanin megabait 10 ne, amma MP3 yana iya mayar da shi kusan megabait 1. Manhajar da ke wannan matsewa da warwarewa ita ake kira kodek.

Akwai bambanci tsakanin kodek da mazubin fayil. MP4 da MKV da WebM mazubai ne da ake zuba bidiyo da sauti da rubutun fassara a ciki, kodek kuwa shi ne yadda aka matse abin da ke cikin mazubin. Shi ya sa fayiloli biyu za su iya ƙarewa da .mp4, ɗaya ya buɗe a kwamfuta, ɗayan ya fito da murya kawai babu hoto. Yawancin rigimar lasisi a kan kodek take.

Haƙƙin ƙirƙira da haƙƙin mallakar rubutu

Haƙƙin mallakar rubutu yana kare ainihin abin da mutum ya rubuta. Haƙƙin ƙirƙira kuwa yana kare dabarar ce, ko da wani ya sake rubuta ta da hannunsa daga farko. Wannan shi ne tushen matsalar. Masu aikin FFmpeg da x264 sun rubuta manhajojinsu da kansu, sun sake su a ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗen tushe, amma dabarun lissafin da H.264 ya wajabta amfani da su suna da masu rajista. Manhajar tana iya zama halal a kwafa ta fuskar rubutu, rarraba ta kuma ya jawo ƙara a kotu ta fuskar ƙirƙira.

Haƙƙin ƙirƙira yana da iyaka biyu. Na farko lokaci: a ƙarƙashin yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kariyar tana ɗaukar shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Na biyu wuri: rajista tana aiki ne a ƙasar da aka yi ta kawai. Ƙasashe kuma sun sha bamban a kan ko dabarar manhaja abar yi wa rajista ce. Amurka ta daɗe tana amincewa, ko da yake hukuncin kotun ƙolinta a shari'ar Alice ta 2014 ya taƙaita hakan. A Turai, sashe na 52 na yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta nahiyar ya ware manhajar kwamfuta ita kaɗai daga abin da ake yi wa rajista, kuma a watan Yuli na 2005 Majalisar Turai ta yi watsi da wani ƙudurin doka a kan batun da ƙuri'a 648 a kan 14. Duk da haka ofishin rajista na Turai yana ba da kariya ga dabarun da aka nuna suna da tasirin fasaha, kuma kotunan Jamus sun sha yanke hukunci a kan kodek.

Tsari ɗaya na bidiyo yana iya ƙunsar dubban rajistoci na kamfanoni da dama. Don sauƙaƙa karɓar kuɗi, masu su kan haɗu a gamayya ɗaya mai ba da lasisi a madadinsu. Wadda ta fi shahara ita ce MPEG LA ta Amurka, wadda a 2023 ta haɗe da Via Licensing suka zama Via LA.

Dalilin da ya sa tsarin lasisi bai dace da buɗaɗɗiyar manhaja ba

Lasisin kodek yawanci a kan kowane kwafi ake biya. A tsarin MPEG LA na H.264, kwafi 100,000 na farko a shekara kyauta ne, daga nan sai santi 20 na dalar Amurka a kan kowane kwafi, ya sauka zuwa santi 10 bayan miliyan biyar, tare da iyakar abin da kamfani ɗaya zai biya a shekara. Kamfanin da ke sayar da waya ko talabijin ya san adadin abin da ya sayar, sai ya saka kuɗin a farashi. Mai raba Linux bai san adadin masu amfani da manhajarsa ba, domin mutum ɗaya zai iya sauke ta ya ɗora wa kwamfuta hamsin a ɗakin karatu, kuma ba ya karɓar ko sisi daga gare su.

Ko da an sami wanda zai biya, akwai cikas na biyu. Lasisin da kamfani ya saya ba ya bin manhajar zuwa hannun wanda ya kwafe ta ya gyara ya sake rabawa, alhali wannan dama ita ce ginshiƙin buɗaɗɗiyar manhaja. Lasisin GPL na biyu ma ya tanadi cewa wanda wata yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta hana shi bai wa masu karɓa cikakkiyar damar sake rabawa, to ya daina raba manhajar gaba ɗaya.

Tarihi

Rigima ta farko da ta ja hankalin masu amfani da intanet a kan hoto ce. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai riƙa karɓar kuɗi a kan dabarar matsewa da ke cikin hoton GIF. Martanin da aka mayar shi ne ƙirƙiro PNG, wanda aka kammala a 1996. Rajistar Unisys ta ƙare a Amurka a watan Yuni na 2003.

MP3 ya bi irin wannan hanya. Cibiyar Fraunhofer ta Jamus ce ta jagoranci samar da shi, aka wallafa shi a matsayin ƙa'idar duniya a 1993. A 1998 cibiyar ta aike wa masu rubuta manhajojin MP3 takardun neman kuɗin lasisi, abin da ya ƙara wa aikin Vorbis na Chris Montgomery ƙaimi, har sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a 2002. A shekarar ce kuma Red Hat ta cire MP3 daga manhajarta. Masu amfani da Fedora, wadda ta gaje ta, sun yi kimanin shekara goma sha uku ba sa iya sauraron MP3 sai sun nemo ƙarin manhaja daga waje. Fedora ta dawo da damar sauraro a ƙarshen 2016, ta ƙara damar yin fayil ɗin a 2017, bayan shirin lasisin MP3 ya rufe a watan Afrilun shekarar. Rajistar MPEG-2 ta ƙarshe a Amurka ta ƙare a watan Fabrairu na 2018. Kafin nan, masu ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi sai da suka riƙa sayen mabuɗi na fam 2.40 domin buɗe damar MPEG-2 da ke cikin na'urar da suka riga suka saya.

H.264 ya fito a 2003 ya zama tsarin da kusan kowace waya da kyamara ke amfani da shi. A 2010 Google ya sayi kamfanin On2 ya saki kodek ɗin VP8 kyauta a cikin mazubin WebM. MPEG LA ta yi kira ga masu ganin suna da rajista a kansa su fito, aka sasanta a 2013 da yarjejeniya tsakanin Google da kamfanoni 11. A watan Oktoban 2013 kamfanin Cisco ya kawo wata dabara: ya sanar cewa zai saki OpenH264 a buɗe, ya kuma ɗauki nauyin biyan lasisin duk kwafin da aka sauke kai tsaye daga rumbunsa. Da yake akwai iyakar abin da kamfani zai biya a shekara, yawan masu saukewa ba ya ƙara masa kuɗi bayan ya kai iyakar. Burauzar Firefox ta fara amfani da shi a 2014 don kiran bidiyo, Fedora da openSUSE ma suka bi. Sharaɗin shi ne dole kwafin ya fito daga Cisco zuwa kwamfutar mai amfani. Ba a yarda a saka shi cikin faifan ɗora manhaja ba.

Yadda manhajojin Linux suka bambanta

Matsayin kowace manhaja ya danganta da inda take da kuma wanda ke bayanta. Fedora tana ƙarƙashin Red Hat, kamfanin Amurka da IBM ya saya a 2019, don haka akwai dukiyar da mai ƙara zai iya nema. Ita ce ta fi tsauri. Tana raba FFmpeg da aka rage wa kodek masu matsala, masu son cikakken kuma sai su je rumbun RPM Fusion da 'yan sa kai ke gudanarwa. openSUSE, mai alaƙa da kamfanin SUSE da ya samo asali a Jamus, tana da irin wannan tsari tare da rumbun Packman.

Debian ƙungiyar 'yan sa kai ce. A 2012 ta fitar da manufarta cewa ba za ta raba manhajar da ta san tana keta rajista ba, ta kuma nemi mambobinta su kai irin wannan magana wurin lauya maimakon tattauna ta a fili. A aikace tana raba FFmpeg mai iya buɗe H.264. Ubuntu da Linux Mint suna bai wa mai ɗora manhaja zaɓi ya latsa akwati idan yana son ƙarin kodek, wato alhakin ya koma kansa. Manhajar VLC, wadda ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke kula da ita, tana zuwa da kodek ɗinta, kuma ƙungiyar tana kafa hujja da cewa dokar ƙasarta ba ta amince da rajistar manhaja ba.

Matakin Fedora na 2022

A watan Satumba na 2022, ana shirin fitar da Fedora 37, masu kula da ita suka kashe damar sarrafa H.264 da HEVC da VC-1 ta katin hoto a cikin Mesa, tarin direbobin hoto na Linux. Sun bayyana cewa damar ta daɗe a kunne ba tare da lauyoyi sun duba ta ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu katin AMD, domin direban bidiyo na Intel daban yake, na NVIDIA kuma kamfanin ne ke raba shi. Ba da jimawa ba openSUSE ta ɗauki mataki iri ɗaya.

Tasirin a bayyane yake ga mai amfani. Idan katin hoto bai warware bidiyo ba, aikin yana komawa kan babbar masarrafa, kwamfuta ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri, tsohuwar na'ura kuma ta riƙa tsinkewar hoto. Masu suka sun yi tambaya: tunda da'irar warware bidiyon tana cikin katin da mutum ya biya kuɗi ya saya, me ya sa direban da ke kunna ta kawai zai zama laifi? Amsar da aka bayar ita ce masu ƙera guntun ba lallai su ne ke biyan lasisin ba, nauyin yakan faɗa kan wanda ya haɗa kayan ƙarshe da ya isa hannun mai saye, kuma wanda ya kawo manhajar da ta cika aikin zai iya shiga cikin ƙara. Daga baya RPM Fusion ya fitar da direbobin da ke da cikakkiyar damar, amma sai mai amfani ya san da su, ya kuma lura kada sigarsu ta saɓa da ta Fedora.

HEVC da rarrabuwar masu lasisi

HEVC, wanda ake kuma kira H.265, ya fito a 2013 da nufin rage girman fayil da kusan rabi idan aka kwatanta da H.264. Sai dai masu rajistarsa ba su haɗu wuri ɗaya ba. Bayan MPEG LA, an kafa HEVC Advance a 2015, wadda yanzu ake kira Access Advance, sannan Velos Media a 2017, wasu kamfanonin kuma suka tsaya su kaɗai. Wanda ya biya gamayya ɗaya ba shi da tabbacin wata ba za ta neme shi ba. Leonardo Chiariglione, wanda ya jagoranci kwamitin MPEG tun kafa shi, ya rubuta a 2018 cewa tsarin kasuwancin da kwamitin ya dogara da shi ya lalace.

Matsalar ta fita daga da'irar Linux. Microsoft yana sayar da ƙarin manhajar HEVC ta Windows a kan santi 99. A 2023 wata kotu a Munik ta yanke hukunci a kan Netflix a ƙarar da Broadcom ya shigar kan HEVC, Nokia kuma ya kai Amazon kotu a ƙasashe da dama kan fasahar bidiyo, suka sasanta a 2025. Synology, mai ƙera na'urorin ajiyar bayanai, ya cire sarrafa HEVC daga na'urorinsa a 2024. A ƙarshen 2025 rahotanni suka nuna cewa HP da Dell sun kashe damar HEVC a wasu kwamfutocinsu na tafi-da-gidanka, duk da cewa guntun ciki yana iya aikin. A gefe guda kuma, tun 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto a tsarin HEIC da ke dogara da HEVC, shi ya sa hoton da aka turo daga iPhone kan ƙi buɗewa a sabuwar Fedora.

AV1 da tsarukan da ba a biya

A watan Satumba na 2015 Amazon da Cisco da Google da Intel da Microsoft da Mozilla da Netflix suka kafa ƙawancen Alliance for Open Media domin samar da kodek da ba a biyan kuɗinsa. Sakamakon shi ne AV1, wanda ya fito a 2018. Duk wanda ya yi amfani da shi yana samun lasisin mambobin kyauta, da sharaɗin shi ma ba zai kai wani ƙara a kan AV1 ba. VideoLAN ta rubuta masa manhajar warwarewa mai sauri mai suna dav1d, kuma manhajojin Linux suna raba shi kai tsaye, tare da VP9 da Opus da FLAC.

Kalmar kyauta a nan alkawari ne na mambobin ƙawancen, ba ta ɗaure wanda ke waje ba. A 2019 kamfanin Sisvel ya buɗe gamayyar karɓar kuɗi a kan VP9 da AV1 a madadin kamfanonin da ke cewa suna da rajista a ciki. Hukumar Tarayyar Turai ma ta duba sharuɗɗan ƙawancen a 2022, ta rufe binciken a 2023. Cikas na biyu na na'ura ne: warware AV1 da manhaja kaɗai yana cin batir, kuma Apple bai saka da'irarsa a guntunsa ba sai a 2023. Tsofaffin wayoyi da masu araha da yawa H.264 ne suka fi iyawa.

Wikimedia Commons misali ce ta inda wannan zaɓi ya kai. A farkon 2014 masu aikin sa kai suka ƙi amincewa da shawarar karɓar MP4. Saboda haka wanda ya ɗauki bidiyo da waya yana son saka shi a maƙala sai ya fara juya shi zuwa WebM ko Ogg. MP3 kuwa an fara karɓarsa a 2017 bayan rajistarsa ta ƙare.

Tasiri a Afirka ta Yamma

Tunda rajista ba ta tsallaka iyaka, wadda aka yi a Amurka ba ta da ƙarfi a Najeriya sai idan an yi ta a ƙarƙashin dokar ƙasar ta 1970. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, Ghana da Sudan kuma suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare. Amma ɗalibin da ke Kano ko Damagaram yana sauke Fedora ɗaya da ta ɗalibin Amurka, wadda aka gina bisa tsoron kotunan Amurka da Jamus. Fina-finai da waƙoƙi da karatuttukan malamai da ake turawa a waya ko a katin memori galibi MP4 ne da MP3. Wanda ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfuta a inda intanet ke da tsada sai ya sake sayen data domin sauke kodek da ba a saka a faifan ba, kuma irin wannan kwamfuta ce ta fi buƙatar taimakon katin hoto.

Muhawara da halin da ake ciki

Masu goyon bayan tsarin lasisi suna cewa samar da kodek yana cin shekaru na bincike, kuma kuɗin lasisi ne ke biyan cibiyoyi irin su Fraunhofer waɗanda ba su da kasuwar talla ko ta fim. Suna ƙara da cewa AV1 yana tafiya ne da kuɗin manyan kamfanonin da ke cin ribar rage nauyin bidiyo a rumbunansu, abin da ke tattara iko a hannunsu. Masu adawa suna cewa da zarar tsari ya zama hanyar da jama'a ke ajiye hotunansu da muryoyinsu, mutum ba ya da zaɓin ƙin sa, kuma shekara 20 ta yi yawa a fannin da sabon kodek ke fitowa kusan duk shekara goma.

Abin da ya faru da GIF da MP3 da MPEG-2 ya nuna cewa ƙarewar wa'adi ce ta warware matsalar a kowane karo. Rajistocin H.264 da yawa sun riga sun ƙare, musamman na sigarsa ta farko, wasu kuma suna da sauran lokaci a Amurka, don haka Fedora ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Na HEVC za su kai shekarun 2030. Magajinsa VVC, wanda aka kammala a 2020, shi ma yana da gamayyar lasisi fiye da ɗaya, kuma manyan burauzoci ba su karɓe shi ba. A watan Satumba na 2025 Alliance for Open Media ta sanar da shirin fitar da AV2 a matsayin magajin AV1.